Hamo, Mai Ruwan Tudun Sarum

Duk wanda ya tashi a Salisbury a shekarun da ake ɗora wa babban coci rufi ya san Hamo mai jakuna. Dogo ne busasshe, mai haɗaɗɗiyar gira, kullum yana tafe bayan jakunansa yana ƙunƙuni shi kaɗai. Na baya-bayan nan da dakon duwatsu suka san shi, amma da ruwa ya fara, kuma a zamanin ruwan mutum ne da ake cire wa hula.

A kan tudu aka haife shi, a tsohon garin Sarum, tun wurin nan da muke zaune yana fadamar kiwon shanu. Garin na sama yana da ganuwa, da sojoji, da coci, da kasuwa, iska kuwa har ta yi yawa, don ran da ta tashi limamai ba sa jin muryar juna a wurin addu'a. Ruwa ne kawai babu. Rijiyoyin zurfi gare su, mai daɗin cikinsu kuma tana gidan sojoji, su ko sai sun ga dama. Saboda haka uban Hamo ya yi rayuwarsa yana gangarawa kogi yana hauro da ruwa, da ya mutu ya bar wa Hamo jakunan da gangunan da gidajen da yake kai wa.

Ƙanen Hamo, Osbert, ba a bar masa komai ba, don ba abin da zai yi da jaki. Da gajeriyar ƙafa ɗaya aka haife shi, hawan tudun nan sau ɗaya sai ya kwantar da shi yini guda. Aka kai shi wurin wani tsohon marini ya koyi rina ulu. Rini kuwa ruwa yake ci, marinin tudu bai taɓa ƙoshi ba. Kowace yamma Hamo yakan rage gangar ƙarshe ya tsaya a ƙofar marinar, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Gurgu! Fito da tukunyarka, kafin in fasa ba ka."

Osbert ya fito yana ɗingishi, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu. "Allah ya saka da alheri, Yaya. Ban san yadda zan yi ba in ba kai."

"Ni ma ban sani ba," in ji Hamo.

Bai taɓa karɓar komai a hannunsa ba, kuma a duk yininsa babu lokacin da ya fi masa wannan daɗi.

Ana nan sai aka ji bishop, shugaban cocin, da limamansa sun gaji da sojoji da iska da ƙishi, za su sauka fadama su gina sabon coci, su kafa gari kewaye da shi. Aka ga mutane a ƙasa da turaku da igiyoyi suna ja wa tituna layi a cikin ciyawa. Aka yi shela duk mai so ya zo a yanka masa fili, ya gina, ya zama ɗan gari mai 'yancin saye da sayarwa, ba bawan gonar kowa ba. Mutanen tudu suka jeru a kan ganuwa suna kallo suna dariya. Hamo ya fi kowa, don shi kullum yana ratsa wurin.

"Taɓo ne zalla," yake gaya musu. "Jakina ya nutse har ciki. Kwaɗi za su yi wa addu'a."

Cikin na farkon da suka sauka har da Osbert. Ya zo ya durƙusa ya gaya wa yayansa, yana murza hula a hannu.

"Yaya, an ce za a jawo kogi ya bi ta tsakiyar kowane titi."

"An ce! Kai da ko gudu ba ka iyawa, ran da kogin ya shigo ɗaki wa zai ɗauke ka?"

"Zan gwada dai, Yaya."

"Je ka gwada. In ka dawo gangarka tana nan."

Shekarar farko kamar maganar Hamo za ta tabbata. Osbert ya kwana a bukkar kara da laka, sanyi ya kama shi da tari, Hamo yana wucewa da jakuna yakan ajiye masa burodi da cuku ya yi masa faɗa. Amma aka jawo kogin. Aka haƙa magudanai aka daɓe gefensu, ruwa garai-garai ya riƙa gudu a gaban ƙofar kowa, mace ta fito da guga ta ɗiba ta koma ɗaki ba ta gai da kowa ba. Ran da Hamo ya fara ganin haka ya tsaya da jakunansa a tsakiyar titi ya daɗe. Osbert ya hango shi, ya taso da fara'a.

"Yaya, ka gani? Shayar da jakunan mana, ga shi nan a ƙofa."

"Sun sha," in ji Hamo, ya kaɗa su. Ba su sha ba.

Daga nan abin ya fara ci masa rai. Masaƙa suka sauko, masu wankin ulu suka biyo su, magina suka cika gari suna neman abin sawa. Duk ulun da aka saƙa kuwa sai ya bi ta hannun marini. Osbert ya ƙara tukunya, ya sake ƙarawa, ya rushe bukka ya tayar da gidan katako mai bene, shago a ƙasa, ɗaki a sama. Ya auri wata 'yar masaƙi mai suna Aldis, mace mai dariya da yawa. Marina suka kafa ƙungiya, ran idi suka riƙa shiga coci a jere da kyandirori, Osbert yana ɗingishi a sahun gaba. Mutane suka daina ce masa gurgu. Maigida Osbert suke cewa.

A sama kuwa gidaje suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mai burodi ya sauka, maƙeri ya sauka, matar da ke dafa giya ta sauka da tukwanenta. Hamo yakan hauro da ruwa ya tsaya a ƙofar da ya saba, ya buga, sai maƙwabci ya leƙo ya ce, "Ai sun tafi ƙasa tun ran Talata." Da yamma sai ya hau ganuwa ya zauna yana kallon sabon garin, hayaƙi na tashi daga kowane rufi. Gidan Osbert ba ya ɓata masa, don a bayansa ake shanya rinannen ulu, shuɗi da ja da rawaya, ana hangowa daga ko'ina. Yakan rantse ba zai duba wajen ba, idonsa kuma ya kai shi.

Matarsa Estrild ta gaji. Wata rana tana zuba masa romon wake da albasa ta ce, "Maigida, ɗan'uwanka ya sake aiko magana. Akwai fili a bayan gidansa, ya ce mu zo mu gina."

"A bayan gidansa."

"To a ina kake so, a kan rufinsa?"

"Ni da na shayar da shi! Yaron da in ban tsaya a ƙofarsa ba ko fuska ba ya wankewa, yau shi zai nuna mini inda zan kwana?"

"Ba wanda ya ce ba ka shayar da shi ba. Kowa ya ji, ai da ƙarfi kake yi."

Hamo ya ture kwanon. "Ke ma benen kike so."

"Ni maƙwabta nake so. Yini nake yi ban ji muryar mace ba, sai iska da hankaka."

Bai sauka ba. In aka yabi Osbert a gabansa yakan ce sa'a ce kawai, ko ya ce shuɗinsa ba ya kama ulu, wanki biyu ya zube. Wani lokaci har cikin addu'a tunanin yake zuwar masa: shi mai ƙafa biyu lafiyayyu, shi da bai taɓa fashin aiki ba, ruwan sama ko ƙanƙara, ta yaya aka yi abin ya tsallake shi ya faɗa kan gurgu?

Abin da ya ƙarasa shi bikin 'yarsa ne. Sunanta Idoni, ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansu, wani saurayi masaƙi ɗan ƙasa ya nema, ita ma tana so. Dangin ango suka ce tsofaffinsu ba sa iya hawa tudu, Osbert kuma ya ce ga gidansa. Aka ɗaura aure a ƙofar coci, aka dawo aka tarar Aldis ta gasa dinya, ta dafa rago, ga farin burodi na alkama, ga giya tulu-tulu. Hamo ya kawo nasa abin, cuku babba da kaji, aka ajiye su can gefe cikin sauran kaya ba wanda ya tambayi mai su. Ya zauna a ƙarshen benci da tsohuwar rigarsa. Baƙi suna shigowa suna wuce shi, suna kama hannun Osbert.

"Allah ya sanya alheri, Maigida Osbert! Ka aurar da 'ya yadda ake aurarwa."

"'Yar yayana ce," in ji Osbert kowane karo, yana nuna shi. "Ga uban amarya can."

Sai su juyo su ce, "Au, sannu baba," su koma wa dinya.

Da Idoni ta rungume Aldis tana kuka tana cewa ba za ta manta ba, Hamo ya tashi ya fita tsakar gida. Nan ya ga wani abu. Daga bayan tukwanen rini wata 'yar kwata ta fito ta bi gindin katanga ta faɗa magudanar titi, ruwan cikinta shuɗi ne mai kumfa. Ya tsaya yana kallon yadda shuɗin ke bazuwa cikin ruwan da mutane ke ɗiba. Tun safe bai ji sanyi a ransa ba sai a lokacin.

Ranar zaman shari'ar gari ya sa hula ya sauko. A rumfar kasuwa ake zaman, wakilin gari a kan kujera, dattawa a benci, jama'a a tsaye. Aka gama da mai burodin da ya rage nauyi, aka gama da mai aladen da suka shiga lambun wani. Hamo ya matso.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Osbert marini yana zuba dattin rini a ruwan da mutane ke sha."

Osbert yana nan cikin dattawa a benci, ya ɗago kai ya dubi yayansa, sannan ya mai da ido kan hannuwansa.

Wakili ya ce, "A wane titi gidanka yake, da ruwan ya same ka?"

"A sama nake, ranka ya daɗe."

"A sama? Ruwan namu har tudu yake hawa yanzu?"

Jama'a suka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "A jaki yake hawa!" Wani ya ce, "Ku bar shi, ciniki yake nema, so yake mu koma saye!" Hamo bai motsa ba. Sai wata mai dafa giya da ke zaune ƙasa da gidan Osbert ta ce ita dai gaskiya ran Asabar giyarta ta fito da wani launi. Wata ma ta ce haka. Wakili ya juya.

"Maigida Osbert, me ka ce?"

"Gaskiya Yaya ya faɗa," in ji Osbert. "Aikin ya fi ƙarfin wurin."

Aka yanke cewa kafin idin girbi ya kwashe tukwanensa ya koma ƙarshen gari, bakin kogi, inda ruwa ke fita. Hamo ya hau tudu da sauri kamar saurayi. Estrild ta riga ta ji, ko kallonsa ba ta yi ba. Abincin ranar shi ya zuba da kansa.

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, yana gyara igiyar ganga a ƙofar gida sai ya hango mutum yana hawowa, yana tafiya yana hutawa, yana dogara sanda. Ya san tafiyar. Osbert ya iso yana haki, gumi ya jiƙa masa riga, ya zauna kan dutse sai da numfashinsa ya dawo. Hamo ya shirya amsoshi iri-iri, yana jira a fara.

"Yaya, ina kwana. Jakunanka na zo nema. Tukwanen nan in na ba masu amalanke sai sun fasa mini su. Ba wanda na yarda da ɗaurinsa sai kai."

"Shi ke nan abin da ya kawo ka?"

"Shi ke nan. Sai ko ruwa, in akwai, maƙogwarona ya bushe."

Hamo ya ɗebo masa. Ya tsaya yana kallonsa yana sha, yana jiran kalma ɗaya ta zargi da zai kama ya yi faɗa, Osbert bai ba shi ba. Da jakunan Hamo aka kwashe marinar, tukunya bayan tukunya, shi a gaba yana jan akala, mutanen titi suna leƙowa suna nuna shi da baki. Ko ɗaya ba ta fashe ba. Har suka rabu da duniya Osbert bai taɓa tayar da zancen ƙarar ba, Hamo kuwa bai taɓa yafe masa wannan shirun ba.

Bakin kogin da aka mayar da Osbert ya zama alheri. Wuri ne mai faɗi, ruwa ba iyaka. Ba a daɗe ba kuma aka gina gadar dutse a kusa, fatake masu zuwa daga yamma suka bar tsohuwar hanya suka riƙa bi ta nan, abin da suke fara gani in sun hau gada shi ne ulun Osbert a kan shanya. Aldis ta taɓa tare Hamo a kasuwa, tana dariyarta.

"Yaya, ai kai ka yi mana hanya! Kullum sai na sa ka a addu'a."

Ya dube ta ya ga da gaske take. Ya koma gida ya kwanta da ciwon kai.

Ruwa dai ya ƙare masa a sama, don sojojin da suka rage rijiyarsu ta ishe su. Abin da ake nema a tudu yanzu dutse ne. An ba da izinin rushe tsofaffin gine-gine a sauko da duwatsun a yi katangar sabon coci, Hamo ya cire ganguna ya ɗaura wa jakuna mangala. A da yana hawa da kaya ya sauko wayam, yanzu ya koma hawa wayam ya sauko da kaya. Ya sauko da gidan mai burodi, ya sauko da maƙera, ya sauko da marinar da Osbert ya koyi aiki. Da Idoni ta haihu Estrild ta tafi wankan jego ba ta dawo ba, ta aiko a gaya masa in yana son miyarta ya san hanya. Ya yi wata shekara a tudun, ba kowa sai shi da wata tsohuwa kurma da karnuka. Da sanyi ya sake shigowa ya rushe nasa gidan, ya loda.

Bai gina a filin Osbert ba. Ya samu wani ɗan tsukin wuri a ƙofar arewa, nesa da kogi iyakar nisan da gari ya ba shi, ya yi ɗaki ɗaya da rumfar jakuna. Magudana tana bi ta ƙofarsa kamar ta kowa. Maƙwabta sun ce ya daɗe kafin ya yarda ya ɗiba, wai ruwan da ba a sha wahalarsa ba ba ya kashe ƙishi. Ran Lahadi Osbert yakan aiko a kira su cin abinci. Estrild takan tafi. Hamo yakan je wani lokaci, ya ci ya ƙoshi, a hanyar dawowa ya ce naman ya yi gishiri.

Osbert ya riga shi mutuwa. Tarin nan na shekarar bukka bai taɓa barinsa ba, wani sanyi ya zo ya tafi da shi. Da ya ji jiki ya sa aka kira Hamo. Hamo ya same shi a kan gado mai labule, ya rame, hannuwan nan shuɗi a kan farin mayafi.

"Yaya, ka zo."

"Na zo. Me kake yi a kwance da rana tsaka?"

Osbert ya yi murmushi. "Ka san abin da na yi ta so tun muna yara? In bi ka kogi sau ɗaya. Kullum sai in ga ka tafi da Baba da jakuna, ni ina zaune a ƙofa."

Hamo ya matso kusa da gadon. Ya gyara masa matashi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ya ce, "Ba abin da ke kogin sai sauro."

Jana'izar ta cika gari. Marina da masaƙa suka fito da kyandirori, aka yi ta kaɗa ƙararrawa, aka raba wa matalauta burodi a ƙofar coci. Hamo ya yi kuka sosai, har sai da Idoni ta riƙe shi. Amma da suka fito ya share ido ya dubi jerin kyandirorin, ya ce wa Estrild a hankali, "Ni ran tawa ko rabin wannan ba za a kunna ba."

"Kai dai ba ka da magani," in ji ta.

Bayan sati Aldis ta aiko da ƙunshi. Alkyabbar ulu ce ta Osbert, mai hula, shuɗiya mai duhu, wadda ya rina wa kansa da hannunsa, ta ce shi ya bar wasiyya a ba yayansa. Ta yi wa Hamo gajarta, iyakarta gwiwa. Ya sa ta washegari, kuma bai sake fita ba tare da ita ba. Ya yi shekaru yana bin jakunansa a cikinta, har ƙarfinsa ya ƙare ya koma zaman ƙofa. Ruwan sama ya doke ta, ƙurar dutse ta hau ta, launin bai motsa ba. In baƙo ya tsaya ya ce, "Baba, wannan shuɗi fa! Wa ya rina maka?" sai Hamo ya kama gefen alkyabbar ya juyo da cikinta, ya nemo wani ɗan wuri kusa da ɗinki.

"Ƙanena ne. Duba nan ka gani, bai kama sosai ba."

Baƙon ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi bai ga komai ba. Hamo ya ce ai sai mai ido.

A cikinta aka binne shi, a maƙabartar ƙofar arewa. Estrild ce ta ce a bar masa ita.